Tsaf Bai Taɓa Aron Allura Ba

Ku matso, ku gyara zama. Wanda ke tsaye ya nemi inda zai ɗora jikinsa, don wannan labari ba a jin sa a tsaitsaye. Ba na dariya ba ne, ko da yake mai labarin ya iya sa mutum dariya har ya riƙe ciki.

Tsaf ake ce masa. Mai wanki da guga ne, shagonsa na can ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da gawayi wadda suka shekara suna faɗa saboda ƙurar buhunanta. Ɗan ɗaki ne da bai fi mutum uku su tsaya ba. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, da wata gorar roba da ya huhhuda murfinta yana yayyafa wa kaya ruwa. Mutumin nan har safa yake gogewa. Mai rediyo yakan leƙo ya ce, "Tsaf, kai ko jariri aka ba ka riƙo sai ka goge shi ka ninke." Shi kuma ya ce, "In ya zo a yamutse me zai hana?"

Yana da mata ɗaya da 'ya'ya mata da suka tasa. Yana kuma da ƙane guda, Auta, wanda uwarsu ta haifa bayan an cire rai. Auta direban motar wata makarantar yara ne, mutum mai kamun kai, wanda iyaye ke danƙa wa 'ya'yansu da safe ba tare da sun waiwaya ba. Kowane ƙarshen mako yakan kawo wa yayansa rigunan aikinsa, ya zauna kan buhun kayan wanki suna hira. Tsaf ya ce, "Wannan wuyan rigar, noma ka yi da shi?" Auta ya ce, "Yaya, in ban kawo datti ba da me za ka yi fankama?" Duk wanda ya gan su ya san ɗan'uwa rabin jiki ne.

Ciwon bai zo da sallama ba. Da farko gajiya ce. Tsaf da yake wuni a tsaye ya fara jawo kujera yana guga a zaune. Sai ƙafafu suka fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Sai ƙaiƙayi, sai abinci ya fita ransa, ciki kuwa yana tasowa kamar na mai ƙoshi. Matarsa ce ta fara lura da idon. Ta kawo masa ruwa wata rana yana riƙe da farar riga kusa da fuskarsa yana duba tabo, ta tsaya ta dube shi.

"Baban yara, ɗago ka kalle ni."

"Yau kuma? Bayan duk shekarun nan ba ki gama kallo ba?"

"Bar wasa. Idonka ya yi ɗorawa."

Aka sha saiwoyin shawara, aka sha jiƙe-jiƙe, abu sai gaba yake. Daga ƙarshe ta tasa shi gaba zuwa babban asibiti. Aka ɗibi jini, aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki aka duba da na'ura, aka ce su dawo. Da suka dawo, likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in da ake kira C, kuma ya daɗe a jikinsa yana ɓarna a ɓoye har hantar ta taurare, wani ƙari kuma ya tsiro a cikinta. Ya ce akwai ƙwayoyin da ke kashe cutar cikin 'yan watanni, amma ba sa mayar da abin da ya riga ya lalace. Daga nan ya tura shi wani ɗan ofis a ƙarshen baranda wurin wata nas mai yi wa marasa lafiya bayani. Matarsa ta zauna a benci a waje.

Nas ɗin yarinya ce, ba ta fi babbar 'yarsa ba. Ta rufe ƙofa ta ce, "Baba, cutar nan ta jini take bi. An taɓa yi maka ƙarin jini?"

"Ko sau ɗaya."

"Tiyata fa?"

"Wuƙar likita ba ta san ni ba."

Ta sassauta murya. "Ka taɓa yi wa kanka allura? Ba irin ta asibiti ba."

Tsaf ya kalli ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Da can, 'yata. Tun ba a haife ki ba. Amma ki ji da kyau, ni ban taɓa aron allura ba. Ban karɓi ta kowa ba, ban ba kowa tawa ba. Wannan kam ko a gaban wa zan dafa ƙirji in faɗa."

"Na yarda. A ina ka yi?"

To, a nan sai na koma da ku baya, don ku san abin da ya gaya mata.

Yana saurayi ya tafi wani babban birni na bakin ruwa yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da hodar nan da ake narkawa a ɗura a jijiya. Abokan aiki suka ce tana kashe ciwon baya, ita kuwa ta kashe ciwon bayan ta kama mai bayan. A wancan birni hoda ba ta wuya, allura ce ke wuya, domin masu kemis ba sa sayar wa irinsu, tsoron hukuma suke yi. Sai ka ga sirinji ɗaya yana zagaya mutane kamar moɗar randa. Wasu ma'aikatan lafiya sukan zo da mota su tsaya bayan rumbunan kaya suna roƙonsu, magana ɗaya ce kullum a bakinsu: kada ka ari allura, kada ka ba da aro. Tsaf ya ga yadda 'yan uwansa 'yan dako suke ramewa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, maganar ta shige shi har ɓargo. Ya samu sirinjinsa, ya ɗinka masa 'yar jaka, ya rataya a cikin riga. Ko za ka yi kuka da hawayen jini ba zai ba ka ba. A can ma aka laƙaba masa Tsaf, tun bai san zai riƙe dutsen guga ba.

Da aiki ya yi ƙasa, sai ya bi wata babbar mota zuwa wani ƙaramin gari a cikin duwatsu inda ake fasa dutse ana lodi. Can kuma al'amarin a juye yake. Allura a kemis kamar ashana, ba mai tambayarka. Hodar ce ba ta isowa sai jefi-jefi, kuma ƙulli ɗaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Don haka sai a haɗu a sayi ƙulli guda. To yaya za a raba ɗan abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba tsakanin ƙarti masu jan ido ba a yi kisa ba? Dabararsu ita ce a narka shi gaba ɗaya a murfin kwalba, mutum ɗaya ya zuƙe ruwan da sirinjinsa ta cikin 'yar auduga, sannan ya bi layukan da ke jikin sirinjin yana tsiyaya wa kowa rabonsa a cikin nasa. Wannan mutum shi ake kira mai rabo, kuma ba kowa ake ba ba. Sai wanda hannunsa ba ya rawa, wanda ba ya ha'inci, wanda ba shi da ƙazanta. Wa kuke tsammani suka zaɓa?

Suna taruwa ne a wani kangon ɗakin janareta bayan an tashi daga aiki, rana tana shirin faɗuwa. A tsakiyar ɗakin akwai wani kofin silba da ake cikawa da ruwa. In kowa ya gama, sai ya zuƙi ruwan kofin ya ɗauraye sirinjinsa ya fesar, ya sake zuƙa. Tsaf ne ma ya kafa wannan doka, don ya tsani ganin jini ya bushe a sirinji. Daga wannan kofi kuma yake ɗibar ruwan narka hoda in an samu ƙulli na biyu. Audugar ma ba a yar da ita, ana ajiyewa saboda ranar babu.

Nas ta saurara har ya kai aya. Ta ce, "Baba, ruwan kofin nan da kowa ya wanke allurarsa a ciki, shi kake zuƙa?"

"Ruwa ne fari tas. Ni nake canza shi kullum."

"Jinin da ke ɗauke da cutar nan ba sai ido ya gan shi ba. Ɗan abin da ya rage a bakin allura ya isa. Yana zama a ruwa, yana zama a auduga, yana zama a murfin kwalba." Ta gyara zama. "Abin da aka koya maka a birni gaskiya ne, amma gaskiyar can ce. Kowane wuri da ƙofar da cutar nan take shiga. Wani wuri aron allura ne, wani wuri ruwa da auduga, wani wuri reza ɗaya a gidan yari. Ka toshe ƙofar da ka sani, ka koma garin da ƙofarsu daban ce, ba wanda ya gaya maka."

An gudu ba a tsira ba ke nan. Tsaf ya ce, da wata murya da ba tasa ba, "Wanda na tsiyaya wa daga sirinjina fa? Ko da allurarsa sabuwa ce fil, daga leda?"

"Abin da ke cikin naka ya shiga nasa. In akwai wanda ka sani yana raye, ka kawo shi a gwada. In an kama ta da wuri, magani ne na 'yan watanni, shi ke nan, ya warke sarai. In aka bari sai ta nuna kanta..." Ba ta ƙarasa ba, ta dubi cikinsa ta kawar da kai.

Akwai wanda ya sani. Auta ne.

Tsaf ne ya kira shi garin duwatsu lokacin yana ɗan saurayi, ya sama masa aikin yaron mota. Ba a daɗe ba Auta ya gano inda yayansa ke zuwa da yamma. Ranar da Tsaf ya same shi a kangon nan ya naɗe hannun riga, ya yi masa dukan da bai taɓa yi wa kowa ba. Bai hana ba. Da ya ga duka ba ya magani, sai ya ce to, tunda ka shiga, a hannuna za ka zauna. Kullum shi yake sayo masa sabuwar allura, ya ɓare ledar a gabansa, ya tsiyaya masa daga nasa sirinjin, ya hana kowa matsowa kusa da shi. A ganinsa katanga ya gina wa yaron. Rasuwar uwarsu ce ta fitar da su daga garin. Auta ya daina a lokacin, Tsaf ya sha faɗuwa da tashi kafin ya rabu da ita. Ranar da za a nema wa Auta aure, ya riƙe hannun yayansa ya ce ya rantse maganar garin duwatsu ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba. Tsaf ya rantse.

A ƙarshen makon nan Auta ya zo da rigunansa. Tsaf ya tura ƙofar shago ya gaya masa komai, tun daga likita har kofin silba. Auta ya saurara yana kallon ƙasa.

"Allah ya ba ka lafiya, Yaya. Amma ni lafiyata ƙalau."

"Ni ma ƙalau nake bara."

"Allurata sabuwa ce kullum. Kai da kanka kake ɓarewa."

"Shi ne nake gaya maka, ba allurar ba ce. Ni ne. Ta hannuna ta bi."

Auta ya miƙe. "In na je aka ce ina da ita fa? In shiga gida da ƙwayoyi in ce na mene ne? Matar nan ba ta san ni da ko sigari ba. Makaranta su ji direban da ke ɗaukar yaransu tsohon ɗan allura ne? Yaya, wancan yaron ya mutu, ni na binne shi da hannuna. Kada ka tono mini shi."

"Ba wanda zai ji. Daga kai sai nas."

"A garin nan? Ka yi atishawa a asibiti a yi maka sannu a kasuwa." Ya kwashi rigunansa yadda ya kawo su, da dattinsu, ya fita.

Tsaf bai haƙura ba. Ya kira shi a waya har Auta ya daina ɗauka. Ya je ya tsaya a bakin makaranta da kumburarrun ƙafafunsa lokacin tashi, Auta ya hango shi ya ja mota. Tsaf ya yi dabara ya aika masa cewa likita na neman ɗan'uwa ya ba shi jini, don ya san ba a ɗibar jinin mutum sai an gwada. Auta ya gane, ya turo wani abokin aikinsa a madadinsa, da ledar lemo da gaisuwa.

Jiki kuwa yana ta tafiya. Shago ya koma buɗewa rabin wuni, daga baya aka sa masa kwaɗo. Mai gawayin nan da suka shekara suna faɗa ita ce ta fara zuwa dubiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tashi mana, tsohon rigima, wa zan yi wa ƙura yanzu?" Ta juya tana share ido da gefen mayafi. Ana kai shi asibiti a zuƙe ruwan ciki, ya dawo, ya sake taruwa.

Matarsa ta riga ta ji komai, don ya gaya mata tun a hanyar dawowa daga wurin nas. Ta yi kukanta, aka gwada ta aka ce ba ta da ita. Wata rana tana shafa masa mai a ƙafa ta ce, "Ka gaya wa matarsa. Ita kaɗai yake jin maganarta."

"Na rantse masa."

"Ka rantse za ka rufa masa asiri. Ka rantse za ka zuba ido ya zama kamar kai?"

"In na faɗa, na rasa shi."

"In ba ka faɗa ba fa?"

Ya juya fuska bango.

Ranar da matar Auta ta zo dubiya, da hantsi ne, ita kaɗai, mijin yana wurin aiki. Mace ce mai fara'a, takan tsokane shi da cewa shi ya lalata mata miji da son guga. Ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Yaya, me ya shiga tsakaninku? Mutumin nan ko sunanka aka ambata sai ya tashi ya bar ɗakin. Ga shi kwanan nan da ya dawo aiki sai barci, abinci ma sai na yi da gaske."

Wataƙila gajiyar aiki ce kawai, wa ya sani. Amma kalmar nan ta barci ta daki Tsaf a ƙirji. Ya ce wa matarsa ta ɗaga shi zaune. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya ce, "Ƙanwata, zan ci amana yau, ke ce shaida. Abin da zan faɗa, laifin nawa ne, ni na kai shi, ni na zuba masa. Ki riƙe wannan kafin ki ji sauran."

Ya faɗa mata duka. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta zauna kamar an dasa ta, ta tashi ta yi sallama a hankali ta tafi.

Abin da ya faru a gidan Auta, bango ne kaɗai ya sani. An dai ce ta kwashe yara ta tafi gidansu, ta yi kwanaki, ta dawo da sharaɗi ɗaya. Da kanta ta raka shi asibiti. Aka gwada, aka samu cutar, aka duba hanta aka ce ta fara taɓuwa amma da sauranta. Aka ɗora shi kan magani. Makaranta ba ta ji ba. Sai dai zaman gidan bai koma yadda yake ba, ta daina yi masa irin kallon da take yi masa, shi ma ya sani.

Da yamma ranar gwajin Auta ya kira waya. Matar Tsaf ta kara masa a kunne. Magana ɗaya ya yi: "Ka ji daɗi, ka tona ni. Daga yau ba ni da wa." Ya kashe.

Tsaf ya ce, "Ya je?"

Ta ce, "Ya je. An ba shi magani."

Ya lumshe ido ya ce, "To, madalla." Hawaye na bin gefen kunnensa.

Ya ƙara 'yan watanni. Duk motar da ta tsaya a layin sai ya ce a leƙa. Wani lokaci hankalinsa yakan gushe, kamar yadda ciwon ke sawa in ya yi nisa, ya riƙa kiran Auta yana cewa ya sauke hannun rigarsa, ya fita daga ɗakin nan. Matar Auta takan zo a ɓoye, ita ce ma ta kawo labarin cewa an sake gwaji an ce cutar ta fita daga jinin mijinta. Ranar Tsaf ya sha ruwan shayi rabin kofi, har ya yi wa 'ya'yansa ba'a. Auta dai bai zo ba. Babbar 'yar Tsaf ta ce ta taɓa ganin motar makaranta ta tsaya a bakin layi, babu yara a ciki, ta daɗe injin yana aiki, sannan ta juya. Ko shi ne, ko wani direban, ban sani ba.

Tsaf ya cika da safe, matarsa na riƙe da kansa. Auta ya zo wurin binnewa, ya tsaya can bayan mutane. Da aka watse aka bar shi a tsaye, har mai gadin wurin ya zo ya taɓa kafaɗarsa.

Auta yana nan da ransa yanzu, garau, ya yi ƙiba ma. Kullum da safe yana ɗaukar yaran mutane, ya aurar da 'yarsa ta fari, ya ɗauki jika. Shi yake kai wa matar yayansa kayan abinci duk wata, ya ajiye a bakin ƙofa ya gaishe ta daga waje. Har yau ba wanda ya ji ya ce ya yafe, ba kuma wanda ya ji ya ce ya gode.

To, ku da kuka zauna kuka ji, da ku ne a kan wannan katifa, ga rantsuwa a wuyanku, ga matar ƙanenku durƙushe tana tambaya, za ku buɗe baki ku rasa shi yana raye, ko za ku yi shiru ya riƙe hannunku har ku cika?